Luigi Russolo (1885–1947): Mai Zanen da Ya Ɗora Hayaniyar Birni a Kan Ma'aunin Kiɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Luigi Russolo, mai zane kuma maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Italiya, wanda a shekarar 1913 ya yi da'awar cewa ƙarar injuna da ta wuraren gini da ta titunan birni kayan aikin makaɗi ne, daidai da amon tsirkiya ko na fata. An duba gidan da ya tashi, da birnin Milan da ya horar da kunnensa, da akwatunan ƙara da ya ƙera, da irin tarbar da jama'a suka yi musu, da kuma yaƙin da ya yi wa maraba har ya raunata shi. Maƙalar ta nuna cewa ko da yake kayan da ya ƙera duk sun salwanta, tambayar da ya tayar game da iyakar da ke tsakanin kiɗa da hayaniya ita ce ta zama harsashin abin da ake kira fasahar sauti a yau.

1.0 Gabatarwa

A manyan gidajen baje kolin fasaha na wannan zamani, mutum kan shiga zaure ya tarar babu zane ko ɗaya a bango, sai lasifikoki a kusurwoyi suna fitar da bugun guduma da kukan zarto da rugugin injin fasa kankare. An naɗo sautukan ne daga wani wurin gini, aka yanyanka, aka jera, aka gayyaci jama'a su zo su saurara. Masu rubuta tarihin wannan fanni sukan faro ne daga wata doguwar wasiƙa da wani mai zane ɗan shekara 27 ya rubuta a birnin Milan ranar 11 ga Maris 1913. Mai zanen shi ne Luigi Russolo.

Ga wanda ya nazarci waƙoƙin daɓe ko na lugude, batun cewa sautin aiki yana iya zama kiɗa ba baƙon abu ba ne. Matan da ke daɓen ɗaki ba su jira wata takarda ta ba su izini ba kafin su daidaita saukar madaɓansu. Al'amarin Turai ya sha bamban. A can an yi ƙarnoni ana tace sauti ana killace shi a zauren kiɗa, har aka wayi gari duk amon da bai hau ɗaya daga matakai goma sha biyu na fiyano ba, ana ɗaukarsa ko dai ado ne na gefe ko kuma hayaniya. Da wannan katanga Russolo ya yi karo, kuma a kan rushe ta ya ƙarar da mafi kyawun shekarunsa.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Russolo ranar 30 ga Afrilu 1885 a Portogruaro, wani ƙaramin gari a yankin Veneto da ke arewa maso gabashin Italiya. Mahaifinsa, Domenico, shi ne makaɗin organ a babbar majami'ar garin, wato abin kiɗan nan mai dogayen bututai da iska ke bi ta cikinsu. Har ila yau yana gyaran agogo. Waɗannan sana'o'i biyu, daidaita sauti da harhaɗa ƙananan ƙarafa masu juyawa, su ne daga baya suka haɗu a hannun ɗansa. 'Yan'uwansa maza biyu, Giovanni da Antonio, sun yi karatu a babbar makarantar koyon kiɗa ta Milan. Shi kuwa Luigi, duk da abin da ya tsinta na kiɗa a gida, zane ya zaɓa.

A shekarar 1901 ya bi iyalinsa zuwa Milan yana ɗan shekara 16. Ya yi koyon sana'a wurin masu gyaran tsofaffin zane-zanen bango, har ya sa hannu a aikin gyaran shahararren zanen Leonardo da Vinci na Jibin Ƙarshe. Daga nan ya ƙware a irin zanen da ake ƙwarzanawa a kan farantin ƙarfe sannan a buga a takarda. A 1909 ya nuna wasu daga cikin waɗannan ayyuka a baje kolin wata ƙungiyar masu zane ta Milan mai suna Famiglia Artistica, kuma a wannan lokaci ne ya ƙulla abota da Umberto Boccioni, abotar da ta sauya masa alƙibla.

3.0 Milan da 'Yan Futurismo

Milan ɗin da Russolo ya taras birni ne da ake ginawa dare da rana. Tun 1883 aka kafa tashar samar da lantarki ta Santa Radegonda a tsakiyar gari, kuma kafin ƙarnin ya ƙare taragun lantarki sun fara bin tituna. Masana'antar roba ta Pirelli da ta ƙarafa ta Breda suna ta janyo ma'aikata daga karkara, sannan a 1910 aka buɗe kamfanin motoci na ALFA. Mutanen birnin, waɗanda ba su kai rabin miliyan ba a ƙidayar 1901, sun kusa dubu 600 a ta 1911. Dole a gina wa waɗannan mutane matsuguni. Gonakin bayan gari suka koma filayen gini, inda magina da leburori da dawakai masu jan amalanken tubali suke kai da kawowa, dogayen bututan hayaƙin masana'antu kuma suna tsaye a bayansu.

Ranar 20 ga Fabrairu 1909 marubuci Filippo Tommaso Marinetti ya buga takardar ƙudurin wata sabuwar tafiya a shafin farko na jaridar Le Figaro ta birnin Faris. Ya kira tafiyar Futurismo, wato ra'ayin fuskantar gobe. Takardar ta yabi gudu da inji da birni, ta la'anci gidajen adana kayan tarihi da duk wani biyayya ga magabata, ta kuma ɗaukaka yaƙi a matsayin abin da ke tsarkake duniya. A farkon 1910 Russolo da Boccioni da Carlo Carrà da Giacomo Balla da Gino Severini suka sa hannu a takardun ƙuduri guda biyu na masu zanen wannan tafiya.

Wurin gini ya zama babban jigo a zanen waɗannan matasa. A zanen Boccioni na 1910 mai suna La città che sale, wato birni mai tasowa, wani ƙaton jan doki ne ke fizgar ma'aikata a gaban gine-ginen da ba a kammala ba. A wani zanensa na 1911, La strada entra nella casa, wata mata ce ta leƙo daga baranda, filin ginin da ke ƙasa kuma ya yi kamar zai kutso cikin ɗaki. Abin da ke kutsawa gida daga titi ba tare da sallama ba kuwa ƙara ce, sai dai fenti ba ya ƙara. Russolo ma ya yi ta fama da wannan matsala. A zanensa mai suna La musica, wani makaɗin fiyano ne mai hannuwa da yawa zaune cikin duhu, fuskoki masu launi iri-iri suna shawagi kewaye da shi. A La rivolta kuma taron masu bore ne ke keta birni cikin jajayen kusurwoyi masu tsini. An nuna ayyukansa tare da na abokansa a gidan baje koli na Bernheim-Jeune da ke Faris a watan Fabrairu 1912, daga nan aka wuce da su Landan da Barlin. Sunansa ya fara fita a matsayin mai zane daidai lokacin da zuciyarsa ta fara karkata daga ido zuwa kunne.

4.0 Wasiƙar 1913

'Yan Futurismo suna da makaɗinsu, Francesco Balilla Pratella, wanda ya riga ya fitar da takardun ƙuduri a kan kiɗa tun 1910. A farkon 1913 aka gabatar da kiɗansa a gidan wasa na Costanzi da ke birnin Rum, Russolo yana cikin masu sauraro. Abin da ya lura da shi shi ne, duk zafin kalaman Pratella, kayan kiɗan da ke kan dandamali su ne dai waɗanda aka gada kaka da kakanni. Sai ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa mai taken L'arte dei rumori, ma'ana fasahar ƙararraki.

Hujjarsa ta fara ne da tarihi. A ganinsa duniyar da ta gabata shiru ta fi yawa a cikinta, in ban da tsawa da guguwa da zubar ruwa daga tsauni, kuma ƙara a matsayin abokiyar zaman yau da kullum ta zo ne da injunan ƙarni na 19. Kunnen da ya tashi cikin wannan yanayi ya riga ya canza, ba zai ƙoshi da abin da ya ƙosar da kunnen kakanninsa ba. Ya ƙara da cewa babbar tawagar makaɗan Turai, duk yawan mutanen da ke cikinta, kayan kiɗanta ba su wuce aji huɗu ko biyar ba, alhali titi ɗaya na babban birni yana ɗauke da sautukan da ba su ƙirguwa. Don haka ya nemi makaɗa su zaga birni suna masu fifita kunne a kan ido, su saurari ruwa da iskar gas a cikin bututan ƙarfe, da numfashin injuna, da kukan zarto, da taragu a kan dogo, da ƙofofin kantuna, da tashoshin jirgi da maƙeru da maɗaba'u.

Ya kasa ƙararraki gida shida. Na farko rugugi da tsawa da fashewa. Na biyu fito da huci. Na uku raɗa da gunaguni da ɓulɓular ruwa. Na huɗu ƙara mai kaifi irin ta ƙofa mai tsatsa, da kankara, da ziza, da motsin busasshen ganye. Na biyar abin da ke fita idan an bugi ƙarfe ko itace ko fata ko dutse ko yumɓu. Na shida muryoyin mutane da dabbobi a lokacin da ba magana ko waƙa suke yi ba, kamar ihu da kururuwa da haushi da shessheƙa. Gida na biyar shi ne na magini da maƙeri da kafinta.

Muhimmin abin da ke cikin wasiƙar, wanda sau da yawa ake tsallakewa, shi ne cewa Russolo bai nemi a kwaikwayi titi ba. Abin da ya lura da shi shi ne kowace ƙara, komai rikicewarta, tana da wani amo da ya rinjayi sauran a cikinta. Idan aka kama wannan amo aka iya ɗaga shi da sauke shi yadda ake so, to ƙarar ta shiga hannun makaɗi, zai iya haɗa ta da wata ya tsara su bisa tunaninsa. Ya kuma bayyana a ƙarshen wasiƙar cewa shi mai zane ne, ba kiɗa ne sana'arsa ba, kuma rashin wata al'adar kiɗa da zai kare shi ne ya ba shi ƙarfin halin faɗin abin da ya faɗa.

5.0 Akwatunan Ƙara

Da yawa daga takardun ƙudurin Futurismo a takarda suka tsaya. Russolo kuwa ɗan mai gyaran agogo ne. Shi da abokinsa mai zane Ugo Piatti suka mayar da ɗakin aikinsa na titin Stoppani a Milan wurin ƙira, suka shiga haɗa abin da ya kira intonarumori, wato masu daidaita ƙara.

Kowane ɗaya akwatin katako ne, a gabansa akwai wani abu kamar babban mazurari da ke fitar da sauti. A ciki an ɗaure tsirkiya ta ƙarfe ko ta hanji, bakinta ɗaya yana manne da fatar da aka shimfiɗa kamar ta ganga a gindin mazurarin. Makaɗi yana juya wani hannu da ke bayan akwatin, kamar mai juya injin markaɗe, sai wani faifai na katako ko na ƙarfe ya riƙa gogar tsirkiyar, fatar kuma ta ƙarfafa amon. Siffar faifan, ko sumul yake ko mai haƙora, ita ke bambanta irin ƙarar da za ta fito. A saman akwatin akwai wata sanda da ake turawa gaba da baya a kan ma'auni mai alamomi, wadda ke ƙara wa tsirkiyar ɗauri ko ta sassauta ta, kusan yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiyoyinsa a hammata don ya ɗaga amo. Wasu daga akwatunan da lantarki suke aiki, maɓalli ake dannawa maimakon juya hannu.

Wannan sanda ita ce zuciyar ƙirar. Fiyano daga mataki zuwa mataki yake tsallakawa, babu komai a tsakani. Sandar Russolo kuwa tana iya tsayawa a rubu'in mataki ko ƙasa da haka, tana kuma iya zamewa daga ƙasa zuwa sama ba tare da yankewa ba, yadda kukan inji ke hawa idan an ƙara masa wuta. Saboda haka sai da ya ƙirƙiro sabuwar hanyar rubuta kiɗa, inda dogayen layuka masu hawa da sauka suka maye gurbin ɗige-ɗigen da aka saba. Ya raɗa wa akwatunan sunaye bisa muryoyinsu: akwai masu kuka, da masu rugugi, da masu fashewa, da masu ɓulɓula, da masu ziza, da masu fito, da masu kukan kwaɗi. Jimillar ire-iren da ya ƙera ta kai 27.

6.0 A Gaban Jama'a

Ranar 2 ga Yuni 1913, kafin wasiƙar ta cika wata uku, ya fito da akwatin farko a gidan wasa na Storchi da ke Modena. Mai fashewa ne, yana fitar da ƙara irin ta injin mota, kuma dariya da ihu aka tarbe shi da su. A watan Agusta na wannan shekara aka gwada wa 'yan jarida tarin akwatunan a gidan Marinetti.

Babban wasan farko an yi shi ne ranar 21 ga Afrilu 1914 a gidan wasa na Dal Verme da ke Milan. Russolo ya tsara kiɗa uku: ɗaya a kan farkawar birni, ɗaya a kan cin abinci a barandar wani otal, ɗaya kuma a kan haɗuwar motoci da jiragen sama. 'Yan kallo da yawa sun zo da shirinsu. Aka yi ta ihu da jifa da kayan lambu har ba a jin abin da ke fita daga dandamali. Marinetti da Boccioni da Carrà suka sauko cikin jama'a aka kaure da dambe, Russolo kuwa ya ci gaba da jagorantar makaɗansa. Abin lura a nan shi ne mutanen da suka zo nuna ƙyamarsu ga hayaniya, da hayaniya suka nuna ta, kuma mafi yawansu sun koma gida ba su ji kiɗan da suka yanke wa hukunci ba.

A watan Mayu aka maimaita wasan a Genoa, sannan a watan Yuni aka yi wasanni goma sha biyu a zauren Coliseum na Landan, inda aka saka shi cikin jerin wasannin nishaɗi, jaridu kuma suka yi ta barkwanci da shi. Akwai dai waɗanda suka saurara da gaske. A 1915 Igor Stravinsky da Sergei Prokofiev da Sergei Diaghilev sun ji akwatunan a gidan Marinetti, kuma sun nuna sha'awa. Daga duk abin da Russolo ya tsara a wannan zamani, abin da ya rage a rubuce shi ne gaɓoɓi bakwai na farkon kiɗan farkawar birni, waɗanda mujallar Lacerba ta buga a watan Maris 1914.

7.0 Yaƙi

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke makonni kaɗan bayan wasannin Landan, ya katse shirin zagaya Turai da akwatunan. 'Yan Futurismo ba su ji zafin haka ba, domin suna kan gaba wajen kiran Italiya ta shiga yaƙin. Tun a wasiƙar 1913 Russolo ya saka wani dogon bayani da Marinetti ya aiko masa game da ƙarar igwa a kewayen birnin Adrianople lokacin yaƙin Balkan, ya kawo shi a matsayin misalin sabon kiɗa. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Mayu 1915, shi da Marinetti da Boccioni da Piatti da mai tsara gine-gine Antonio Sant'Elia suka shiga bataliyar 'yan sa kai masu kekuna ta Lombardiya, suka yi yaƙi a Dosso Casina a watan Oktoba.

A 1916 ya faɗaɗa wasiƙarsa ta zama littafi mai ɗauke da wannan take, ya sa babi guda a kan ƙararrakin yaƙi. A ciki ya bayyana yadda soja a cikin rami ba ya ganin komai, da kunne yake gane girman harsashin igwa da inda ya nufa, da yadda fiton harsashin ke sauka sannu a hankali kafin ya fashe. Bayanin yana da kaifin lura ƙwarai, amma yana nuna inda ra'ayinsa ya kai shi: kunnen da ya koyi jin daɗin kowace ƙara ya daina tambayar abin da ƙarar ke aikatawa. A wannan shekara Boccioni ya mutu bayan ya faɗo daga doki a wurin atisaye kusa da Verona, aka kuma kashe Sant'Elia a fagen daga. A watan Disamba 1917 Russolo da kansa ya sami mummunan rauni a ka a tsaunin Grappa, ya yi fiye da shekara yana jinya.

8.0 Shekarun Faris

Bayan ya murmure ya koma kan akwatunansa. A 1920 Pratella ya yi amfani da su a wasansa na waƙa mai suna L'aviatore Dro a garin Lugo. A watan Yuni 1921 aka yi wasanni uku a gidan wasa na Champs-Élysées da ke Faris, inda aka haɗa akwatunan da kayan kiɗan da aka saba, ɗan'uwansa Antonio yana jagoranci. 'Yan tafiyar Dada sun yi ƙoƙarin hargitsa taron, amma makaɗa irin su Maurice Ravel sun saurara, mai zane Piet Mondrian kuma ya rubuta maƙala a kan abin da ya ji a mujallar De Stijl. A farkon shekarun 1920 ne kuma aka naɗi gajerun kiɗa biyu na Antonio, Corale da Serenata, a faifan garmaho. Wannan faifai shi kaɗai ne ya adana muryar akwatunan na asali, ita ma a dushe take a bayan sauran kayan kiɗa.

Babbar matsalar akwatunan ita ce kowane ɗaya sai da mutum guda, ga nauyi ga cin wuri. Russolo ya shafe shekarun 1920 yana neman mafita, har ya haɗa muryoyi da yawa a cikin na'ura ɗaya da mutum guda zai sarrafa, wadda ya kira rumorarmonio. Ya kuma ƙera wani sabon abin goga tsirkiya da ke sa kayan kiɗan gargajiyar Turai su fitar da amon da ba a san su da shi ba. A 1926 ya auri wata malamar makaranta, Maria Zanovello, sannan daga ƙarshen shekarun 1920 ya fi zama a Faris. A can ya sami gurbi a gidan sinima na Studio 28, yana raka finafinai marasa magana da na'urarsa, yana fatan masu masana'antu za su saye ta su yaɗa. Sai dai fim mai magana ya riga ya bayyana a Amurka tun 1927, kuma cikin 'yan shekaru buƙatar mai raka fim da sauti ta gushe. A ƙarshen 1929 ya kaɗa na'urar a bikin buɗe wani baje kolin zanen Futurismo a Galerie 23, makaɗi Edgard Varèse ne ya gabatar da shi. A nan ƙarar birni ta shiga zauren baje koli ta zauna tare da zane-zane, shekaru da dama kafin a raɗa wa irin wannan aiki suna.

Matsayinsa game da mulkin Fasist batu ne da masana suka yi saɓani a kai. Marinetti yana cikin waɗanda suka halarci taron kafa ƙungiyar Mussolini a Milan a watan Maris 1919. An daɗe ana bayyana zaman Russolo a Faris a matsayin ƙaurace wa wannan mulki, amma Luciano Chessa, a littafinsa na 2012, ya nuna cewa hujjojin da ke akwai ba su tabbatar da cewa ɗan adawa ne ba.

9.0 Ƙarshen Rayuwa

Da kasuwar na'urarsa ta mutu, Russolo ya ajiye ƙira. A farkon shekarun 1930 ya zauna a Tarragona ta ƙasar Sifaniya yana nazarin ilimin ɓoye da falsafar Gabas. Chessa yana ganin wannan sha'awa ba sabuwa ba ce, tana nan a cikin zane-zanensa na farko da ma a tunaninsa game da sauti. A 1933 ya koma Italiya ya tare da matarsa a Cerro di Laveno, wani ƙauye a bakin tafkin Maggiore. A can ya rubuta littafin falsafa mai suna Al di là della materia, wato bayan abin da ake taɓawa, wanda ya fito a 1938. A farkon shekarun 1940 ya sake ɗaukar burushi, ya riƙa zana tafki da itatuwa da faɗuwar rana cikin salo mai natsuwa wanda ba shi da kama da na ƙuruciyarsa. Ya rasu a wannan ƙauye a watan Fabrairu 1947 yana da shekara 61. Babu ko ɗaya daga akwatunansa na asali da ya tsira.

10.0 Abin da Ya Biyo Baya

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1948, Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a faifai, ya yanyanka ta ya tsara kiɗa da ita. Na'urar naɗar sauti ta warware matsalar da Russolo ya yi shekaru yana fama da ita da katako da fata, domin yanzu ana iya kamo ƙarar titi ita kanta a ɗaga ta ko a sauke ta. Kafin nan Varèse, wanda ya taɓa sukar 'yan Futurismo da cewa kwaikwayon zahirin rayuwa kawai suke yi, ya kammala Ionisation a 1931, kiɗan da ya sa jiniya da uwar maƙera a cikinsa. A Amurka John Cage ya ɗauki batun ya faɗaɗa shi. A 1980 aka kafa ƙungiyar Einstürzende Neubauten a Barlin ta Yamma, sunan da ke nufin sababbin gine-gine masu rushewa, suka riƙa hawa dandamali da injin huda da injin fasa kankare da tarkacen ƙarfe. An kuma sami masu ra'ayi akasin nasa, irin su R. Murray Schafer na Kanada, wanda ya koyar da sauraron birni da kyau don a gane irin ɓarnar da ƙara ke yi wa mazaunansa. Shi ma dai daga kunne ya fara, kamar yadda Russolo ya nema.

Su kansu akwatunan an sake ƙera su ta hanyar bin hotuna da takardun rajistar ƙira da bayanan da ya bari. An nuna wasu a Venice a 1977, sannan Gian Franco Maffina ya kafa gasar kiɗan lantarki da sunan Russolo a Varese a 1979. A 2009, lokacin cikar Futurismo shekara ɗari, Chessa ya jagoranci ƙera guda 16 waɗanda aka kaɗa a San Francisco da Niyok, makaɗan wannan zamani suka rubuta musu sababbin kiɗa.

11.0 Kammalawa

Rayuwar Russolo ta nuna mutumin da ya bar sana'ar da ya ƙware a kai ya shiga wadda ba tasa ba, saboda ya ga birnin da ake ginawa kewaye da shi ya fi ƙarfin fenti. Bai yi arziki da ƙirarsa ba, kuma a zamaninsa masu dariya sun fi masu sauraro yawa. Gudummawarsa ita ce ya nuna cewa ƙara tana da amo da za a iya kamawa, a auna, a rubuta, a tsara, kuma cewa iyakar da aka shata tsakanin kiɗa da hayaniya al'ada ce ta shata ta. Tarihinsa yana kuma ɗauke da gargaɗi, domin sha'awar da ta sa ya tsaya sauraron zarto da guduma ita ce ta sa ya yaba wa igwa. Mai nazarin fasahar sauti, ko na kiɗan aiki a kowace al'umma, yana buƙatar ya riƙe tambayoyi biyu tare: yadda sautin yake a kunne, da kuma hannun wanda ya fito daga gare shi da abin da ya jawo wa masu zama kusa da shi.